Farin Ƙirji da Katin Marigayi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci dabba ya jera mata kayan aikinta a ciki, kowanne a mazauninsa. Ni ce Ya Fanna mai kayan ciki, wadda ke zama a bakin kwatar Diffa. Ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, Falmata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Ita da 'yan uwanta biyar furoje ne, shirin nan na masu ba da tallafi, ya turo mini su. An yi musu horo na kwana uku a ɗaki mai sanyi, an ba kowace sabon daro da wuƙa mai ƙotar roba da takardar shaida cewa ta ƙware a gyaran kayan ciki. A kwana ukun nan, da bakinsu suka gaya mini, ba su ga tumbi ba sai a hoto. Jiya mai rubutun nan ta fasa matsarmama a kan hanta biyu. To ku zauna, 'ya'yana, ku ajiye takardunku inda ruwa ba zai taɓa su ba.

Ranar da na fara, ina amarya ta wata huɗu, uwar mijina Ya Hajja ta turo mini daro da ƙafa, da hantar tunkiya a ciki. Ta ce in cire matsarmama. Na ja ta kamar ina tsinke tattasai, ta fashe, koren ruwa ya bi hantar. Ba ta zage ni ba. Ta hura wuta ta gasa hantar, ta zaunar da ni na cinye ta duka tana kallona. Ta ce wadda ta ci ɗacin hannunta ba ta sake fasawa. Matsarmama ɗaga ta ake yi da babban yatsa, a sa bakin wuƙa ƙarƙashinta a bi a hankali. Ku kun ci sa'a hanta ta yi tsada, da jiya Falmata ta ƙoshi.

Hanji kuma da kara ake juya shi, karan da aka fere bakinsa ya yi santsi, a wanke shi ruwa uku. Na ukun shi ne wanda mai ha'inci ke tsallakewa, shi ne kuma wanda mai ci ke ji a hanci. Tumbi yana son ruwan zafi wanda bai tafasa ba, da 'yar kanwa, a kankare shi da bayan wuƙa. In ruwan ya tafasa, baƙin ya kama ke nan har abada. Kayan aikina ba su da yawa: wuƙa biyu, dutsen wasawa, daro uku, kara, da kula mai ƙanƙara. Ku riƙe zancen ƙanƙarar nan, zan komo kansa.

Masu saye iri-iri ne. Akwai masu dafa malku, romon nan na kayan ciki, su asubanci ne nasu, ba sa ciniki da yawa amma suna shinshina komai. Akwai dangin mai jego masu neman abin romo. Akwai matan ma'aikata da ke zuwa da gyale a hanci, su nuna abin da suke so da ɗan yatsa daga nesa, kamar ba cikinsu zai je ba. Dukansu abu guda suke tsoro, a sayar musu da tsohuwar akuya da sunan ɗan akuya. Awakinmu ƙanana ne, in an feɗe an cire kai, kaka da jika kamarsu ɗaya. Mahauci zai rantse miki da kabarin ubansa cewa jiya aka yaye ta. Ni ba na jayayya da rantsuwa. Hannu nake sawa bayan ƙashin ƙirji, sama da zuciya, in lalubi wani farin nama mai taushi da ke kwance a wurin har zuwa gindin wuya. Mu a kwata farin ƙirji muke ce masa. A ɗan akuya yana cika tafin hannu. Dabba na girma yana shanyewa, a tsohuwa ba ki samun komai sai ɗan kitse. Shi ne takardar haihuwar dabba, kuma ba mai iya saye a bayan biro, wato ofishin hukuma.

Saboda farin ƙirjin nan na san Lokotoro Rabi, wata yarinya Badamagariya da ke duba marasa lafiya tana kuma koyar da masu koyon jinya. Ta zo wata safiya ta ce in cire mata zuciya da huhu da maƙogwaro na ɗan rago a haɗe, kada in taɓa farin. Na ce:

"'Yata, wannan ai ba a sayar da shi. Kyauta muke ba juna a gasa. Ko miji ne ya yi kwaɗayi?"

Ta yi dariya ta ce, "Iya, ɗalibai zan nuna wa. Mutum ma yana da shi, nan." Ta buga ƙirjinta. "Babba ne a jariri, a tsoho ya koma kitse, daidai da na dabbobinku."

Ta ɗauki wata biyu tana zuwa, kullum sai na ja ta da tambaya, ita kuma ba ta rowar sani. Ta ce jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kamar yadda rumbu yake tarin gero. A cikinsu akwai sojojin jiki masu yawo a jini. Daga ɓargo suke fitowa, wasunsu su zo farin ƙirji, don shi ne lakwal ɗinsu. A nan ake koya musu bambanta ɗan gida da baƙo. Wanda ya kasa ganewa, da wanda ya ɗaga hannu ga ɗan gida, ba a sallamarsa, a nan ake gamawa da shi. Kaɗan ne ke fita da rai. Kun ji lakwal ɗin da ba ta kwana uku ba.

"A cikin lakwal ɗin kuma," in ji ta, "akwai wasu 'yan kaɗan daban. Su da kisa aka halicce su, ba koya musu ake yi ba, shi ya sa muke ce musu makasa na halitta. Kowace ƙwaya lafiyayya tana ɗauke da wata alama a bayanta, kamar katin dantite, na shaidar ɗan ƙasa. Su aikinsu dubawa. Ƙwayar da cuta ta shige ta, ko wadda ta fara zama ciwon daji, sau da yawa alamarta kan ɓace. In suka ga babu, shi ke nan."

"Ba su kai ta gaban alƙali?"

"Babu alƙali, Iya. Nan take."

"To na cikin farin ƙirjin me suke yi a gida, alhali yaƙi yana waje?"

Ta ce na cikin jini sun fi saurin wuƙa, na cikin farin ƙirji sun fi shela. Suna fitar da wani abu mai kiran sauran, mai daidaita tarbiyyar ɗaliban, wani lokaci kuma su kawar da wanda ya lalace. Ta ce har yau masana ba su gama sanin aikinsu ba. Na ce ashe jiki ma yana da masu unguwa, kullum ana ganinsu, ba a gama sanin aikinsu ba.

Lokacin nan dariya nake yi. Ban san da ni ake ba.

Shekarar da mutanen daji masu bindiga suka ƙetaro kogin Komadugu aka hana hawa babur, ita ce muguwar shekarar sana'ar nan. Kasuwannin ƙauye suka mutu. Makiyaya suka daina kusantar gari, masu tattasai da masu kifi da ke cin namanmu suka zama masu jiran buhun taimako. Kwatar da ke yanka dabbobi har a rasa wurin ratayewa ta koma muna zaune mu takwas muna kallon cikin akuya ɗaya. Kowace hanya aka dasa mata shingen jami'an tsaro, kowane shinge tambayarsa ɗaya: kati.

A shekarar ne idon maigidana ya fara faɗuwa. Mutane Ba Kyari suke ce masa, mahauci ne ɗan mahauci, yana feɗe raƙumi shi kaɗai. Da safe lafiya lau yake. Rana na ɗagawa sai fatar idonsa ta sauko kamar mai gyangyaɗi, muryarsa ta koma ta hanci, la'asar na yi wuƙa ta fara kuɓuce masa. Abokan aikinsa suka yi ta yi masa tsiya.

"Ba Kyari, amarya ka yi a ɓoye ne? Barcin nan ba na banza ba ne."

"Ku bari in farka," in ji shi, "in nuna muku wanda ya koya wa ubanninku riƙon wuƙa."

Wata rana da zafi ya zo rumfata, ya ɗauki gutsuren ƙanƙara daga kula ya ɗora a fuska yana hutawa. Da ya sauke sai na ga idanun nan biyu a buɗe tar, kamar ranar da na fara ganinsa. Ba a jima ba suka sake rufewa. Washegari na ba Lokotoro Rabi labari a matsayin abin dariya. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ce in kawo shi yau ɗin nan, don abin da na yi da ƙanƙara shi suke yi a asibiti in suna neman wannan ciwon.

Aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Ta ɗaga shi ga haske ta nuna mini wata inuwa sama da zuciya. Ba ta buɗe baki ba na ce:

"Farin ƙirji ne. Amma me yake yi da wannan girma a jikin tsoho?"

Ta ce ƙari ne ya tsiro a cikinsa. Lakwal ɗin ta lalace, tana sallamo sojoji marasa tarbiyya, su suka sa jiki yana tare saƙo tsakanin jijiya da tsoka. Ta ba shi ƙwayoyin magani da za su riƙe shi, ta rubuta takarda, ta ce a tafi babban asibiti a Yamai a cire ƙarin, kuma kada a jinkirta.

Na ce, "To ina makasan naki? Abu ya tsiro a tsakar gidansu suna kallo?"

Ta ce, "Iya, ɗan gida ne. Sau da yawa irinsa da katinsa a hannu."

A nan ne muka yi kuskuren da ba mai iya yinsa sai mutanen kwata. Ku rubuta shi da kyau, don ni na dafa shi da hannuna. Labari ya kai ga Sarkin Fawa, ya tara mahauta a gindin bishiyar bedi. Ya ce tun kakanni an san mai ciwon hanta hanta ake ba shi, mai ƙarancin jini saifa. Yau ga ɗan'uwansu farin ƙirjinsa ya lalace, su kuma su ne masu farin ƙirjin garin nan kaf, ina dalilin kai shi Yamai a tsaga shi kamar rago? Aka yanke cewa duk ɗan akuya da ɗan ragon da aka yanka a Diffa, farinsa na Ba Kyari ne, har kwana arba'in. A shekarar da mutum ke ɓoye wa ɗan'uwansa ƙashi, mahautan nan ba wanda ya ɓoye ko ɗaya. Da ƙauna suka yi. Ni ce gwanar zaɓe, ni nake ware mai kyau, in gasa, in yi romo, da haɗiya ta fara yi masa wuya in daka in dama. Ga ƙwayoyin Lokotoro suna aiki, ido ya ɗan buɗe, Sarkin Fawa yana yawo yana cewa a zo a ga aikin gado.

Ana cikin haka ƙwayoyin suka ƙare, ba a samunsu a gari. Kwana biyu ya koma baya fiye da da. Lokotoro Rabi ta zo rumfata, ta ji abin da muka yi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Iya, shekara nawa kina cin ƙafar saniya?"

"Tun ba a haife ki ba."

"Kin taɓa yin kofato?"

Da a ce gasasshiyar hanta mai ɗaci ta ba ni, da ya fi mini sauƙin haɗiya.

Muka shiga mota da safe, takardar asibiti a ƙirjina. Shingen farko muka wuce. A na biyu, rana ta ɗaga, aka ce kowa ya sauko da katinsa a hannu. Maigida bai taɓa yin kati ba. A wani ƙauye wajen Toumour aka haife shi, lokacin da kogin nan ba iyaka ba ne, wurin wanka ne, kuma duk Diffa ba wanda bai ci naman hannunsa ba. Amma yaron da ke shingen ba ɗan Diffa ba ne. Abin da ya gani shi ne mutum ba kati, ido a lumshe, magana ba ta fita daidai. Ya buɗe jakarsa, sai ga doguwar wuƙa naɗe a tsumma. Mahauci ba ya tafiya ba wuƙa, ko aikin hajji za shi sai an roƙe shi, ni kuwa ban duba jakar ba.

"Baba, me ka sha?"

"Romo," in ji maigida.

Na miƙa takardar asibiti, yaron ya ce wannan ta nuna ba shi da lafiya, ba ta nuna ko shi wane ne ba. Ban ga laifinsa sosai ba, shi ma tsoro yake ji, an kashe musu mutane a satin. Amma ina tsaye na ga wasu samari uku masu sababbin takalma sun miƙa katuna masu ƙyalli sun wuce ba a ko kalli fuskarsu ba. Allah kaɗai ya san ko su waye. Mu aka zaunar da mu a rana har la'asar, aka riƙe wuƙar, aka mayar da mu gari, aka ce kada a sake ganinsa a hanya ba kati.

Neman kati kuwa sana'a ce mai zaman kanta, ban san ko furoje yana koyar da ita ba. Kati sai da takardar haihuwa. Takardar haihuwar tsoho sai alƙali ya yi, alƙali kuma sai an kawo shaidu biyu da suka san haihuwarsa, su ma masu kati. Duk wanda ya ga haihuwar maigida ya daɗe a ƙasa. Sarkin Fawa, wanda maigida ya girme shi da shekara goma, ya sa babbar riga ya je ya ce yana tune da ranar sunan sarai, har ya ci naman. Aka karɓa. Kunya ce ta kai shi, na sani, kuma na yafe masa tun ranar.

Saura hoto. Mai hoton unguwarmu ba ya buɗewa sai bayan azahar, don da safe yana wurin tarurrukan furoje yana ɗaukar masu karɓar takardar shaida. Bayan azahar kuwa maigida ba shi da ido. Sau biyu ana ɗauka muna kaiwa biro ana maido mana, wai doka ta ce ido a buɗe.

"Baba, buɗe ido mana! Ka yi kamar ka ga amarya."

"Ɗana, ko Hurul'ini ka kawo, iyakarsa ke nan."

Mai hoton ya ce in riƙe masa fatar idon da yatsa. Aka ɗauka, yatsuna biyu suka fito a hoton, biro suka ce kati na mutum ɗaya ne. A karo na huɗu na ɗauko kulata a ka, na bar kayan ciki a daro ƙudaje na bi. Na zaunar da shi a kujerar hoto, na naɗe ƙanƙara a gefen zanena na danna masa a ido biyu. Na ce wa mai hoto ya shirya na'urarsa, in na ce yanzu, to yanzu ne. Na ƙirga numfashinsa har sanyin ya kama yatsuna. Na janye, na yi tsalle gefe, na ce yanzu. Hoton ya fito, biro suka karɓa, suka ce a dawo bayan sati biyu.

Bayan sati biyu aka ce takardar da ake buga katin a kai ta ƙare, ana jiran ta daga Yamai, hanya kuma ba lafiya. Muka jira. Lokotoro Rabi ta yi ta bugun waya tana neman motar asibitin da za ta ɗauke shi, motocin kuwa na waɗanda harsashi ya samu ne. Numfashi ya fara yi masa nauyi. Ranar wata Laraba bayan la'asar, yana jingine a jikina a tsakar gida, ya ce in tuna wa Sarkin Fawa ya je ya karɓo masa wuƙarsa, ta ubansa ce. Ya yi shahada da ƙyar. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Shekara arba'in da wani abu muna tare, ban taɓa dafa masa abin da ya cutar da shi ba sai da na tashi yi masa magani. Kuka nake yi, Falmata, ba sai kin tsaya ba, rubuta.

Ina cikin takaba aka aiko cewa kati ya fito. Da na fita na je karɓa, na biron ya duba littafinsa ya ce mai shi ya zo da kansa. Na ce mai shi yana maƙabartar gabas, ba shinge tsakaninsu, yana iya zuwa ya kai masa. Ya dube ni, ya dubi katin, ya turo mini shi a kan tebur.

To kun ji. Gobe in kuka buɗe ƙirjin ɗan akuya, ku sa hannu ku san farin ƙirji, ku gane shekarun dabba da shi, ku gasa ku ci in kuna so, yana da daɗi. Kada ku ba mara lafiya da sunan magani, ko Sarkin Fawa ne ya ce. Kowace kuma ta je ta yi kati tun tana da ido.

Ga nasa nan, a cikin ledar da nake ɗaurewa a bakin zane. Ku goge hannuwanku kafin ku taɓa. Kun ga idanun, a buɗe tar kamar na saurayi. Duk wanda na nuna wa sai ya ga ɗigon nan da ya gangaro a kumatunsa ya ce Allah sarki, tsoho yana hawaye. Ba hawaye ba ne, maigida bai taɓa kuka a gaban mutane ba. Ƙanƙarata ce.